HAƊIYA DA WAHALAR CIN ABINCI: NAZARI A KAN CUTAR ZAIZAYAR BAKI A ƘASAR SAKKWATO

1.0 GABATARWA

Hausawa kan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ana yin wannan karin magana ne domin kwantar da hankalin mai tsoron talauci, kuma a cikinta an ɗauka cewa da zarar abinci ya samu, baki zai karɓe shi. To, akwai yara a ƙasar Hausa waɗanda ga abinci a gabansu, ga yunwa a cikinsu, amma baki ya kasa tauna, maƙoshi ya kasa haɗiya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba binciken da likitoci suka gudanar a kan ɗaya daga cikin cututtukan da ke haddasa wannan, watau cutar zaizayar baki. Za a ɗauki garin Illela na bakin iyaka a matsayin misali, sa'an nan a nuna inda aikin ya shafi mai nazarin harshe da al'adun Hausawa.

2.0 YADDA HAƊIYA KE GUDANA

Masana jikin ɗan Adam sun kasa haɗiya mataki uku. Mataki na farko a baki yake: leɓɓa su rufe, haƙora su tauna, yawu ya jiƙa loma, harshe ya dunƙule ta ya danna ta bisa ganda zuwa baya. Mataki na biyu a maƙogwaro yake, kuma shi ne mai hatsari, domin a nan hanyar abinci da hanyar numfashi suka haɗu. A daidai lokacin da loma za ta wuce, numfashi kan tsaya, hanyar hanci ta toshe, wani ɗan marfi ya rufe hanyar iska. Mataki na uku shi ne gangarawar loma ta maƙoshi zuwa tumbi. Na farkon ne kaɗai mutum ke yi da gangan. Sauran biyun jiki ke yin abinsa.

Idan ɗaya daga cikin matakan nan ya sami tangarɗa, abu biyu kan biyo baya. Ko dai abinci ya kasa isa ciki, mutum ya rame, ko kuwa ya kauce ya faɗa hanyar iska, ya haifar da ciwon huhu. Ana ganin haka ga tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki, da jariran da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganda, da kuma yaran da zaizayar baki ta kama.

3.0 CUTAR ZAIZAYAR BAKI

Sunan da likitoci ke kiran cutar da shi shi ne noma. Kalmar daga harshen Girkanci take, inda take nufin cinyewa, kuma ba ta da dangantaka da noman Hausa sai dacewar rubutu. Galibi takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, watau daga yaye zuwa 'yan shekarun da ke biye da shi, musamman waɗanda tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana. Ba a ɗaukarta daga wani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tafiyar cutar daki-daki. Alamar gargaɗi ita ce dasashi ya yi ja, yana jini idan an taɓa shi. Daga nan sai dasashi ya fara ruɓa, baki ya yi wari, yaro ya ƙi abinci. Sai kunci ya kumbura. Sai naman ya mutu ya yi baƙi, ya ɓurme, a sami rami a fuska. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako ɗaya ko biyu. Ƙiyasin hukumar na 1998 ya nuna cewa yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma idan ba a yi magani ba, har 9 cikin 10 na iya rasuwa.

Wanda ya tsira kuwa, sai wata sabuwar wahala ta fara. Ramin kunci yakan sa abinci da yawu su riƙa zubowa waje. Idan ganda ta huje, kunu kan fito ta hanci. Mafi tsanani shi ne tabon ya ƙanƙance ya ɗaure muƙamuƙi, har baki ya kasa buɗuwa, a koma tura abinci da yatsa ta gefen haƙora ko ta ramin kuncin. A nan ne ake samun zagaye mai wuyar fita: tamowa ta buɗe wa cutar ƙofa, cutar ta hana cin abinci, rashin cin abinci ya ƙara tamowa.

4.0 BINCIKEN DA AKA GUDANAR

An buɗe Asibitin Noma na Yara a Sakkwato a 1999, kuma daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga tallafa masa. Da yawa daga cikin abin da duniya ta sani game da cutar a wannan yanki daga nan ya fito, da kuma Damagaram a Jamhuriyar Nijar.

4.1 A 2003 Fieger da abokan aikinsa suka buga wani ƙiyasi mai hikima. Sun duba majinyata 378 da aka karɓa a Sakkwato daga 1996 zuwa 2001, suka gwada adadinsu da na masu tsagaggen leɓe, tun da an riga an san yawan haihuwar waɗannan. Da haka suka ƙiyasta cewa yara 6.4 cikin 1,000 ke kamuwa a arewa maso yammacin Nijeriya.

4.2 A Damagaram, wata tawagar masana daga Janeba, ƙarƙashin Baratti-Mayer, ta bi yara 82 masu cutar da yara 327 marasa ita daga 2001 zuwa 2006, aka buga sakamakon a 2013. Abubuwan da aka samu tare da cutar sun haɗa da tsananin tamowa, da yawan cikin da uwa ta yi a baya, da zawo ko zazzaɓi ko ciwon numfashi cikin wata uku da suka gabata, da rashin kaji a gida. Wannan na ƙarshe ma'aunin talauci ne: gidan da ko kaza babu, ba a tambayar nama ko ƙwai. Ba a gano wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifi ita kaɗai ba.

4.3 A 2017 Farley da abokan aikinta suka gwada yara 74 da aka yi wa magani a asibitin Sakkwato da yara 222 na ƙauyukansu. Sun tarar da cewa ba yaro koko kullum yana tafiya tare da ƙarin hatsari, kasancewar uwa ce ke renon yaro kuwa yana tafiya tare da kariya. An ga alamar kariya kuma ga waɗanda aka shayar da su dakashi, watau ruwan nonon farko, ko da yake alamar ba ta yi ƙarfi ba.

Lalle ne mai karatu ya yi hattara da wannan sakamako. Ba a ce koko na kawo cuta ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne yaron da ba shi da abinci sai koko safe da yamma bai samun abin gina jiki. Daɗin daɗawa, yaron da bakinsa ya riga ya fara ciwo, koko kaɗai zai iya sha, saboda haka amsar uwa tana iya zama bayanin abin da cutar ta haifar. Su kansu masu binciken sun ce abin yana bukatar ƙarin nazari.

4.4 A 2018 aka bi gida-gida a jihohin Sakkwato da Kebbi, aka duba bakin yara 7,122. Kashi 3.1 cikin 100 na da ciwon dasashi, kashi 0.1 sun kai ga ruɓewar dasashi, kashi 0.05 sun kai ga kumburi, ba a kuma sami ko ɗaya a matakan ƙarshe ba. Wannan bai saɓa wa ƙiyasin 2003 ba. Cutar da ke kisa cikin mako biyu ba ta jiran mai ƙidaya, wanda ya tsira da tabo kuwa sau da yawa akan ɓoye shi a ɗaka saboda kunya.

4.5 A 2020 aka buga nazarin majinyata 37 da aka bibiya wata 18 bayan an yi musu aiki a asibitin Sakkwato. An auna buɗewar bakinsu, aka kuma tambaye su halin rayuwarsu. Darasin da likitocin wannan fanni suka daɗe da koya shi ne ɗinke rami ya fi sake muƙamuƙi sauƙi, domin tabo yakan koma ya ɗaure idan majinyaci bai dage da motsa baki kullum ba bayan ya koma gida.

5.0 MISALIN ILLELA

Illela na arewa da Sakkwato da tazarar fiye da kilomita 80, ta hanyar Kware da Gwadabawa, tana kuma fuskantar Birnin Ƙwanni na Nijar. Kasuwarta ta Lahadi na tara mutane daga ɓangarorin iyaka biyu, masu harshe ɗaya da cima ɗaya. A ɗauki misalin uwa a wani ƙauye na wannan yanki, a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Ta yaye ɗanta, ƙyanda ta kama shi ta sake shi, yanzu ga bakinsa na wari, yana ture cokali. Za ta fara da abin da ke kusa, watau jiƙo ko wanzami ko mai maganin gargajiya. Kafin a yi shawara, a sami kuɗin mota, a jira ranar kasuwa, kunci ya kumbura.

Abin takaici shi ne a matakin farko maganin ba shi da tsada. Wanke baki da ruwan gishiri da aka tafasa, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga ma'aikacin lafiya, da abinci mai gina jiki, sukan tsayar da cutar kafin ta huda fuska. Saboda haka kwanakin da aka ɓata tsakanin warin baki da kumburin kunci su ne ke raba rayuwa da mutuwa, kuma a ƙauye ake ɓata su, nesa da asibiti.

6.0 RABON HARSHE DA AL'ADA

Yawancin binciken da aka ambata da tambaya aka yi shi, kuma da Hausa aka amsa. Wani nazari da aka buga a 2020 ya nuna cewa cutar ba ta da suna ɗaya tilo a bakin jama'a; daga cikin sunayen akwai ciwon daji da ciwon iska. Suna kuwa yakan nuna hanyar magani: wanda ya kira ta ciwon iska, wurin mai maganin iska zai nufa. Zaizayar baki ta fi dacewa, domin ta siffanta abin da ido ke gani ba tare da ta yanke hukunci a kan sanadi ba.

Haka kuma Hausa ta rarrabe wahalar haɗiya da kyau. Idan an ce yaro ya ƙware, abu ya bi hanyar iska. Idan an ce abinci ya maƙale, ya tsaya ne a maƙoshi. Dalala kuwa aikin leɓɓa ne da suka kasa riƙe yawu. Mai tambayar da ya tattara waɗannan duka ya ce "yana cin abinci?" zai sami amsar "yana ci," alhali uwar na nufin ɗura take yi masa. Ɗura kuwa, musamman idan yaro na kuka, hanya ce ta tura kunu cikin huhu.

Akwai kuma al'adu biyu da suka shafi wannan batu kai tsaye. Na farko, zubar da dakashi bisa zaton bai da kyau, alhali shi ne kariyar farko ta jariri. Na biyu, cire belu, wanda akan yi domin tsoron kada ya toshe maƙogwaro ya hana haɗiya, alhali yankan kan jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ya kuma hana jariri kama nono. Tun da wanzamai da ungozomai ne ke fara duba bakin yaro, su ya kamata a fara koya wa alamun gargaɗi.

Daga ƙarshe, masana haɗiya na duniya sun tsara kaurin abinci mataki 8, daga 0 zuwa 7, daga ruwa tsararo zuwa abinci mai tauri. Cimar Hausawa na da nata tsani: ruwa, koko, kunu, fura mai kauri, fate, tuwo mai laushi. Daidaita waɗannan da ma'aunin likitoci, da nuna yadda za a ƙara musu gyaɗa ko wake ko nono ba tare da kaurin ya wuce ƙarfin yaro ba, aiki ne da ke bukatar wanda ya san harshen da kuma madafa.

7.0 NAƊEWA

A ranar 15 ga Disamba, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaizayar baki cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, bisa bukatar da Nijeriya ta jagoranta. Wannan ci gaba ne, amma amfaninsa ba zai tabbata ba sai ya isa ga uwar da ke ƙauyen Illela cikin kalmomin da take ganewa. Wannan maƙala ta nuna cewa bincike ya dace a kan abu uku: tamowa ce tushe, saurin ganewa ne ceto, wahalar cin abinci kuma ba ta ƙarewa da ɗinkin fuska. Abin da ya rage ga ɗaliban Hausa shi ne tattara sunayen cutar da kalmomin haɗiya a karin harshen Sakkwato da na Adar, domin likita da uwa su fahimci juna tun dasashi bai wuce ja ba. Hausawa dai sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.