Gidan Waƙa na Faris da Tubalin Wasa

A birnin Faris, a ƙasar Faransa, akwai wani ƙasaitaccen gida da ake kira Palais Garnier. An gina shi ne domin opera, watau wasan kwaikwayo wanda 'yan wasa ke rera maganarsu da waƙa, makaɗa suna amsa musu. Wani gwanin zanen gine-gine mai suna Charles Garnier shi ya tsara shi a shekarar 1861, amma ba a buɗe shi ba sai a 1875. Yana cin mutum kusan 2,000.

Gidan ya sha ado ƙwarai. A gabansa akwai ginshiƙai a jere, bibbiyu bibbiyu. A samansa akwai ƙubba ta jan ƙarfe wadda ta rikiɗa ta zama koriya, ga kuma mutum-mutumi masu ruwan zinariya a dama da hagu. A ciki akwai matakala mai faɗi ta dutse mai sheƙi, launi iri iri.

To, akwai waɗansu mutane, manya da yara, da ke gina kwatankwacin irin wannan gida a kan tebur. Suna yi da tubalin wasa na roba wanda ake kira Lego. Wani kafinta a garin Billund, ƙasar Danmak, mai suna Ole Kirk Christiansen, shi ya kafa kamfanin a 1932, yana sassaƙa kayan wasa na itace. A 1958 aka fito da tubali irin na yanzu. A bisa kowane ɗaya akwai 'yan maɓallai, a ƙarƙashinsa kuma 'yan bututu. In aka danna wani a kan wani sai su kama juna gam, ba laka, ba siminti.

Amma ga inda wuyar take. Tubalin nan mai kusurwa huɗu ne, ƙubba kuwa zagayayyiya ce. Yaya za a yi mai kusurwa ya haifi zagayayye?

Dabarar lissafi ce. Akwai tubali mai kauri, akwai kuma siriri, kamar faifai. Sirara uku daidai suke da tsayin mai kauri ɗaya. Sai magini ya riƙa jera sirara, kowane sahu ya ɗan shige ciki fiye da na ƙasansa. In aka duba kusa, matakala ce ƙanana ƙanana. In aka ja da baya, sai ido ya ga ƙubba sumul. Har wa yau, kaurin sirara biyar daidai yake da faɗin tubali mai maɓalli biyu, watau milimita 16. Saboda haka ana iya kwantar da tubali a gicciye, ya shiga bango ba tare da barin kafa ba. Da haka ake fitar da bakan tagogi da zanen bango.

Wajen ado kuwa, sai wayo. Ɗan mutumin wasa, wanda tsayinsa bai wuce santimita 4 ba, in mai launin zinariya ne, sai ya zama mutum-mutumin kan rufi. Sitiyarin motar wasa ya zama ado a bisa taga.

Duk da haka ba kowane zane ke shiga ba, gama gidan ya yi ado da yawa, tubalin kuwa ba ya tsaguwa. Tilas magini ya zauna da hotuna, ya ƙirga ginshiƙai da tagogi, sa'an nan ya zaɓi abin da zai bari. Wannan shi ne mafi wuya a cikin aikin. In ya rage ginshiƙi ɗaya, ko ya ƙara wa ƙubba tsayi, wanda ya san Faris zai ce ba gidan ba ne.

Waɗansu maginan sukan bar bayan gidan a buɗe, ko su yi rufin da ake ɗagawa, su sa 'yan fitilu a ciki, domin mai kallo ya leƙa ya ga matakala da jajayen kujeru.