Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutar mawaƙi tana ɗaukewa

Malam mai sauraronmu daga Kano, sannu da wannan damuwa. Kwamfutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar haɗa kiɗa, sau da yawa zafi ne. Ƙurar hunturu ke toshe fanka. Taɓa ƙasanta, in ta yi zafi kamar tandar masa, kai wa mai gyara ya hure ta, ka kuma daina ɗora ta kan katifa.

Ni dai waƙoƙinka suka fi damuna. In faifan cikin kwamfutar ya fara ƙas-ƙas, kwashe komai yau. In da manhajar FL Studio kake haɗa kiɗa, ka adana aikin a fayil na zif, don muryoyin su biyo shi. Kwafi ɗaya a faifan waje, ɗaya a Google Drive, mai ba da gigabait 15 kyauta.