Darasi: Dayod, Ƙofar Wutar Lantarki

Jama'a, a cikin rediyo da cajar waya da tocila akwai wani ɗan ƙaramin abu. Sunansa dayod. Aikinsa kamar na ƙofa ne. Yana barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya. In ta so komowa, sai ya tare ta.

Dayod iri-iri ne. Ga guda uku:

1. Mai miƙar da wuta. Wutar layi tana kai da komo sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Batir ba ya ɗaukar irin wannan wuta. Dayod ne ke sa ta bi hanya ɗaya, sannan batir ya cika.

2. Mai ba da haske, wato LED. Shi ne ƙwan tocilar zamani. Ba ya cinye batir kamar ƙwan da.

3. Zena. Yana tsare ƙarfin wuta kada ya wuce kima ya ƙona kaya.

Masu sola, ku lura. Da dare wutar batir tana iya komawa cikin faifan sola. Dayod yana hana wannan asara.

Dayod yana da ƙafa biyu. Akwai zobe a gefe ɗaya. In an sa shi a juye, na'ura ba za ta yi aiki ba, tana ma iya ƙonewa. Kada ku buɗe caja tana jone da wuta. Ku kai wa mai gyara.

Tambayoyi:
1. Mene ne aikin dayod?
2. Wane dayod ne ke ba da haske?