Murɗaɗɗiyar Ƙafar Jariri Tana Gyaruwa

Ya kamata jama'ar ƙasar Katagum su sani cewa a cikin jarirai dubu akan sami kamar guda da ake haifa da ƙafa a murɗe, tafin ya juya ciki, diddige a ɗage. Wannan ba shan inna ba ne, domin shan inna ƙwayar cuta ce mai kama yaro bayan haihuwa. Ba kuma wani abin da uwa ta ci ko ta tsallake ba ne. Jijiyoyin ƙafar ne suka takure tun a ciki, suka janye ƙasusuwan daga mazauninsu. To, ƙashin jariri yawancinsa guringuntsi ne, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kan haka Dokta Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa ta Amurka ya gina hanyar da ake bi yau: kowane mako likita ya miƙar da ƙafar kaɗan ya ɗaure ta da filasta, kamar sau biyar ko shida, galibi a ɗan tsaga agara don diddige ya sauka. Fiye da tara cikin goma na yaran da aka yi wa haka da wuri suna taka ƙasa daidai.

Wani zai ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ya umarce mu da neman magani. Wata kaka za ta ce a bari ya yi ƙwari tukuna. Ƙwarin nan shi ne matsalar, don da zarar yaro ya fara tafiya a kan gefen ƙafa, gyaran na iya kaiwa ga babbar tiyata. Mai ɗori kuwa karaya ya sani, nan kuma babu abin da ya karye, ɗaurin kara mai tsauri yana iya tsayar da jini har ƙafar ta ruɓe. Mai kukan kuɗin mota daga Gamawa ko Shira yana da hujja, sai dai zuwan mako-mako na makonni kaɗan ne. A fara da asibitin tarayya na Azare. In aikin ya buƙaci ƙwararrun ƙashi, akwai asibitin Dala a Kano.

Inda iyaye suka fi sakaci shi ne bayan an cire filasta. Akwai takalma biyu haɗe da ƙarfe, da yaro zai sa dare da rana wata uku, sannan lokacin barci kawai har shekara huɗu. In aka ajiye su don yana kuka, ƙafar kan koma yadda take.