Zauren Jinya: Amsar Wasiƙun Masu Sauraro

 Wasiƙu da saƙonnin waya sun taru, za mu ɗauki abin da lokaci ya ba mu, sauran su yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Ta farko daga Funtuwa ta fito, daga wata baiwar Allah. Ta ce mahaifiyarta ta sami shanyewar ɓarin jiki, an sallamo su daga asibiti, tana kwance a gida. To sai ta lura fatar ƙasan bayanta ta yi duhu, har ta fara salewa. Tana shafa mata man zafi tana mulmulawa, amma abin sai gaba yake yi.

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah Ya saka da alheri, Ya ba Mama lafiya. Amma don Allah daga yau a ajiye man zafin nan, a daina mulmula wurin. Abin da kika gani shi ake kira gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe a kwance ta gefe guda, nauyin jikinsa yakan matse fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa isa wurin, naman ya fara mutuwa, kamar dai ciyawar da aka kifa wa turmi. Mai lafiya yakan juya ko cikin barci ba tare da ya sani ba. Mama ba ta iya wannan yanzu, ke ce za ki yi mata.

Ƙa'idar da ake koya wa ma'aikatan jinya ita ce a juya irin wannan majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana: dama, rigingine, hagu. Wurin da ya riga ya yi rauni kuwa, kada a sake kwantar da ita a kansa. Ki sa ƙararrawar waya, ku raba kwana da 'yan'uwa, domin mutum ɗaya ba zai iya ba. In za ku juya ta, kada ku ja ta a kan shimfiɗa, jan nan yana ɗaye fata. Ku shimfiɗa zane a ƙarƙashinta, mutum biyu su kama bakinsa su ɗaga. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta tashi daga katifa. Kullum in kina goge mata jiki ki duba ƙeya, kafaɗu, gwiwar hannu, kwatangwalo, ƙasan baya, idon sawu da dunduniya. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce a nemi inda ya yi ja. Mu masu baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Sai dai ki ga wurin ya fi sauran jiki duhu ko sheƙi, in kin taɓa ki ji ya yi ɗumi ko tauri.

Sai shimfiɗa. Fitsari ko gumi in ya zauna a fata yakan jiƙa ta har ta yi taushi ta fashe, saboda haka da zarar ta ɓata a canza, a wanke da ruwa mai ɗumi, a tsane da tsumma mai laushi. Leda a ƙarƙashin zanen gado ake sa ta, ba a jikin mutum ba. A miƙar da zanen sosai, a kakkaɓe ɓurɓushin abinci. Kuma tun da fatar ta riga ta buɗe, a kai ta asibiti ko a samo ma'aikaciyar jinya ta duba ta nuna miki yadda ake wankin ciwon. In ya fara wari ko ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, kada a kwana.

Ba ki tambaya ba, amma bari in ƙara miki. Mai shanyewar jiki sau da yawa haɗiya takan yi masa wuya. Kada a ba Mama abinci tana kwance, kada a yi mata ɗura. A zaunar da ita sosai, a ba ta kaɗan-kaɗan, a bar ta a zaune kamar rabin awa bayan ta gama. In tana ƙwarewa duk lokacin da ta sha ruwa, a gaya wa likita, don abin da ya bi ta hanyar iska huhu yake sauka. Wake, ƙwai, kifi da nono suna taimaka wa ciwo ya haɗe.

Wasiƙa ta biyu daga wani malami a Gusau, kuma da alama da zafi ya rubuto. Ya ce ya yi jinyar ƙanensa a wani asibiti, nas-nas sai su zo da asuba su tashi mara lafiya, su yi 'yan gwaje-gwaje su rubuta su wuce, ba ƙwaya ba allura. Ranar tiyata kuma yaron na kukan ƙishirwa, ya miƙa masa ruwa, wata nas ta daka masa tsawa a gaban mutane.

Malam, Allah Ya huci zuciyarka. Tsawar nan ba ta yi ba, ba zan kare ta ba. Mutunta majinyaci da danginsa yana cikin darasin farko na wannan aiki, kuma kowane ɗakin kwanciya yana da shugabar nas da za ka kai wa ƙorafi. Amma hana ruwan daidai ne. In an sa mutum barci don tiyata, abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya shiga huhu, har ya zama ajali.

Gwaje-gwajen asuba kuwa, ai su ne idon likita. Zafin jikin babban mutum yana kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, daga 38 an shiga zazzaɓi. Bugun jijiya tsakanin 60 da 100 a minti guda, numfashi 12 zuwa 20. Awo ɗaya ba ya faɗin komai sosai, jerin su ne ke magana. Mutumin da aka yi wa aiki, in bugunsa yana ta hawa, awon jininsa yana sauka, mai yiwuwa jini ne ke zuba a ciki, tun kafin shi kansa ya ji wani abu. Nas ɗin da ta tashe shi da asuba ita za ta fara ganin haka.

Wani daga Maraɗi yana tambaya ko laifi ne ya ƙara gudun ƙarin ruwa don ya ƙare da wuri. Laifi ne babba, ɗan'uwa. Lissafa ɗigon nan ake yi, in ya yi sauri yana iya cika huhu, musamman ga yaro, tsoho, ko mai ciwon zuciya ko ƙoda. In ya tsaya ko hannu ya kumbura, kira nas.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba a Zariya. Tana son karatun jinya, amma Baba ya ce aikin kwasar ƙazanta ne, bai dace da 'yar mutunci ba.

'Yata, ki je wurin Baba cikin ladabi, ki tuna masa Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni. Da Sa'ad ɗan Mu'azu ya sami raunin kibiya a yaƙin Khandaƙ, tantinta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kai shi. Wannan fiye da shekara dubu ke nan kafin Florence Nightingale ta tafi jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya a 1854, wadda ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ta zama ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Mu ne kullum muke cewa mun fi son mace ta duba matanmu. To in ba mu bar 'ya'yanmu sun karanta ba, 'yar wa za ta duba su? Ki dage da Turanci, lissafi da darussan kimiyya uku. Digirin jinya a jami'a shekara 5 ne, akwai kuma kwalejojin jinya, kuma sai Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta ba ki lasisi za ki fara aiki.

Lokaci ya cim mana. Masu zuwa dubiya, don Allah a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mara lafiya da bayan an taɓa shi, a bar ƙananan yara a gida, a gaisa a taƙaice. Hajiya ta Funtuwa, ki sake rubuto mana mu ji yadda jikin Mama yake. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.