Yadda Ake Tsara Waƙoƙin Mazan Jiya a Kwamfuta da Memori

Duk wanda ya kai memori wurin masu tura waƙa a Ƙanƙara ko kasuwar Sheme ya ce a zuba masa waƙoƙin da, ya san abin da zai koma gida da shi: waƙa ɗari biyar, rabi sunansu "Track 07", wasu "AUD-WA0004" irin na WhatsApp, wata kuma an rubuta mata "Shata sabuwa", alhali Shata ya rasu tun 1999. Masu cewa a bar wa manhajar waya ta gano sunayen da kanta ba su taɓa gwada ta da kaset ɗin Narambaɗa ba. Aikin nan da kunne ake yin sa. Ga yadda ake bi.

1. Kwafe komai zuwa kwamfuta, ka ajiye kwafi guda wanda ba za ka taɓa ba. A kan na biyu za ka yi aiki.

2. Sauke manhajar Mp3tag, kyauta ce. Ni ita nake amfani da ita, domin tana gyara waƙa ɗari a lokaci guda. Gyara a waya wahala ce kawai.

3. Buɗe wa kowane mawaƙi folda, ka tsayar masa da suna ɗaya tak. In ka zaɓi "Mamman Shata", kada gobe ka rubuta "Dr. Shata", jibi "Alhaji Shata Katsina", domin waya za ta ɗauke su mutum uku. Ka kula da 'yan gida ɗaya: Aliyu Ɗandawo daban, ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo daban. Haka 'ya'yan Ɗanƙwairo sun ci gaba da rera waƙoƙinsa bayan rasuwarsa a 1991, kuma masu turi kan zuba su duka a sunan uban.

4. Sunan waƙa. Nan ne aikin yake, nan kuma ake ɓarna. Yawancin waƙoƙin nan ba wanda ya raɗa musu suna a rubuce. Wani ya kira waƙa da amshinta, wani da sunan wanda aka yi wa. Ƙa'idata ita ce: a gurbin suna, wato Title, sa wanda aka yi wa waƙar, amshin kuma ka kai shi gurbin bayani, Comment. Dalili kuwa, mutum ɗaya kan samu waƙoƙi da yawa daga mawaƙi ɗaya, kamar yadda Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu, ko Ɗanƙwairo ga 'Yandoton Tsafe. Da sunan ubangida za su jeru wuri guda, da amshi kuma za ka bambance su.

Kada ka tsaya a sarauta kaɗai. Sarauta gado ce, tana barin wani ta koma kan wani. In ka rubuta "Sarkin Pauwa" ka yi shiru, jikanka zai tambaya wanne daga cikin hakiman Ƙanƙara? Haɗa sarauta da suna da gari. In ba ka tabbatar ba, sa alamar tambaya ka nemi dattijo ka kunna masa. Tsofaffin direbobi da masu tsohon shagon kaset a Funtuwa, garin da Shata ya zauna, sun fi intanet sanin wannan.

Sannan kada ka goge waƙa don ka ga sunanta ya zo sau biyu. Shata ya rera Bakandamiya a wurare daban-daban, kowace da abin da ya ƙara ko ya rage, kuma Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar. Duba tsawon mintuna, ka saurari farko da ƙarshe. In sun bambanta, ajiye duka, ka sa musu 1, 2, 3.

5. Gurbin Album: tunda ba kundi suka yi irin na 'yan zamani ba, rubuta inda ɗaukar ta fito: faifan garmaho, kaset, Rediyon Kaduna, ko wurin biki. Shekara kuwa, in ba ka sani ba bar ta fayau. Gurbi babu komai ya fi shekarar ƙarya, domin ƙaryar za ta bi Xender ta zaga gari.

6. Gurbin Genre: manta da jerin da manhaja ta zo da shi, rubuta kayan kiɗa. Kalangu ga Shata da Ɗan Anace, kotso ga Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, taushi ga Jankiɗi, kuntigi ga Ɗanmaraya Jos, gurmi ga Haruna Uji, kukuma ga Garba Supa, ƙwarya ga Barmani Coge. Mai so ya ƙara rukuni: fada, noma, dambe, amada.

7. Haruffa masu lanƙwasa. A cikin bayanan waƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke, ka saita Mp3tag a kan ID3v2.3 UTF-16. Amma a sunan fayil rubuta "Dankwairo" kawai, domin rediyon mota da ƙananan rediyo masu cin memori sukan mayar da haruffan nan 'yan akwatuna.

8. Kada wani ya ruɗe ka da cewa zai ɗaga maka waƙa daga 64kbps zuwa 320 ta yi garau. Wuri kawai za ta ci, sautin na nan yadda yake. In kaset kake juyewa, yi da manhajar Audacity, ka ajiye uwar a WAV, ka fitar da MP3 don waya.

9. Ajiya. Memorin bogi ya cika kasuwa: an rubuta 64GB, cikinsa bai kai takwas ba, sai ka cika shi waƙoƙi su ƙi buɗewa. Nemi SanDisk na asali ko da kuɗinsa ya ninka, ka gwada shi da manhajar H2testw kafin ka zuba komai. Kada kuma ka dogara da intanet kaɗai. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su manta 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro, aka yi watanni ba sabis. Kwafi biyu a hannu, ɗaya a gidan ɗan'uwa a wani gari.

Kada ka ce sai ka gama duka a mako guda. Ɗauki mawaƙi ɗaya ka kammala shi, sannan ka shiga na gaba. Amma tambayar dattawa kam, fara ta yau, tun masu sanin wa aka yi wa wace waƙa suna raye.