Darasi: Tsuntsayen Tafkin Dagona da Yadda Ake Kallonsu

Ya kai ɗalibi, ko ka taɓa ganin gauraka da idonka? Tambayi dattawan ƙasar Bade, za su gaya maka a da garke-garke ake ganinsa a fadama. Yau kuwa sai mai sa'a.

Tafkin Dagona yana ƙaramar hukumar Bade ta Jihar Yobe, cikin fadamun Hadejiya da Nguru. A shekarar 2008 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya.

Tsuntsayen wurin kashi biyu ne. Akwai 'yan gida, irin su balbela da zalɓe da dinya da kirinjijiya. Akwai kuma baƙi, wato agwagin daji da ke tasowa daga Turai da Rasha. In sanyi ya matso ƙasarsu, sai su ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka nan wajen Oktoba ko Nuwamba, su koma wajen Maris ko Afrilu. Ka ga shamuwa baƙuwar damina ce, su kuwa baƙin hunturu ne.

Gauraka ɗan gida ne. Tsayinsa ya kai mita 1, jikinsa baƙi, fiffikensa da fari, ga tukku mai ruwan zinariya a kansa. Abu biyu suka rage shi. Na farko, kama shi da ake yi ana sayar wa masu kiwonsa a gida. Na biyu, ƙanƙancewar fadama. Tun da aka gina dam na Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun ta ragu, ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan asara ta shafi masunci da manomin shinkafa da makiyayi, don ruwa ɗaya suke dogara da shi.

In za ka kallon tsuntsaye, kiyaye waɗannan:

1. Nemi izinin iyaye, ka tafi da babba. Kada ka shiga ruwa.
2. Fita da sassafe, ka sa rana a bayanka.
3. Zauna shiru. Bar danƙo a gida, kada ka taɓa sheƙa ko ƙwai.
4. Dubi baki da ƙafa da launin fiffike, ka rubuta tare da rana da wuri.
5. In garke ne babba, ƙirga goma, sannan ka auna sauran goma-goma.

In ka ga tsuntsun da ba ka sani ba, kada ka laƙaba masa suna da ka. Zana shi, ka nuna wa malam ko wani tsohon masunci. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa kowane watan Janairu, kuma da irin wannan rubutu na gaskiya ake gane wanda ke ƙaruwa da wanda ke ƙarewa. Ko tafkin bayan garinku ya ishe ka farawa.

Tambayoyi

1. Me ke kawo agwagin Turai Dagona?
2. Kawo dalilai biyu da suka rage gauraka.
3. Tambayi kakanka tsuntsayen ruwa uku da ya sani yana yaro waɗanda ba ya gani yanzu. Kawo sunayensu aji ranar Asabar.